Amanar Kwatance: Daga Rijiyoyin Damargu Zuwa Ƴan Aiken Na'ura

Gabatarwa

A ƙasar Damargu, wadda a yau ta ƙunshi gundumar Tanut da ta Balbeji a arewacin jihar Damagaram, kwatance ba ƙaramar magana ba ce. Makiyayin da ya tsaya bakin hanya cikin bazara, garkensa ya kwana bai sha ba, ya tambayi wani inda rijiya take, ya riga ya ɗora rayuwar dabbobinsa a kan kalmomin da za su fito daga bakin mutumin nan. In aka ce masa rijiyar tana gabas, tafiyar hantsi ce, ya kora dabbobi ya isa ya same ta inda aka faɗa, sai dai zurfinta gaba 40 ne alhali igiyarsa gaba 30, to an gaya masa gaskiya, amma gaskiyar ba ta shayar da ko akuya ɗaya ba. Mai kwatancen bai yi ƙarya ba. Duk da haka wanda ya san daji zai ce ya yi laifi, domin ya ga igiyar a bayan jaki, ya san zurfin rijiyar, ya kuma yi shiru.

Wannan tsohuwar matsala ta sake tasowa a wani fage da ba a yi zato ba, wato fagen ƙirƙirarriyar basira. Akwai yanzu manhajojin da ake aika kamar yadda ake aiken mutum, su kuma suna zaɓar kayan aikinsu bisa ɗan bayanin da aka rubuta musu. Tambayoyin da wannan maƙala za ta bi su ne: da me ake gane kwatance mai kyau, wa ya cancanci yanke hukunci a kansa, kuma wa ke ɗaukar alhaki idan ya kai wanda ya dogara da shi ga asara?

Ƙasar masu wucewa

Tun kafin zuwan Turawa Damargu mararraba ce. Tana tsakanin Abzin da ƙasar Hausa, ita ce rumbun geron da ayarin Abzinawa ke saukowa su auna bayan kaka, suna ɗauke da dabino da gishirin Bilma da Fashi. Ta nan kuma hanyar fatake daga Kano zuwa Tarabulus ta ratsa. A watan Janairu 1851 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya iso Tagelel cikin ayarin gishiri na Kel Ewey tare da James Richardson da Adolf Overweg. A nan Richardson ya rabu da su ya nufi Damagaram, Barth kuwa ya bi ta Tasawa da Katsina har Kano. Abin lura shi ne, littattafan da Barth ya wallafa bayan komawarsa suna ɗauke da jerin zango-zango na hanyoyi da dama waɗanda ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba. Daga bakin fatake da alhazai ya rubuto su, masu zana taswira a Turai kuma suka yi aiki da su. Wato kwatancen da madugu ya yi a gindin itace ya zama layi a kan takarda a wata nahiya, a hannun mutanen da ba su da hanyar komawa su tambaye shi abin da yake nufi.

Yanayin ƙasar ma ya ƙara wa kwatance nauyi. Damargu tana gaɓar da noma ke ƙarewa kiwo ya ɗauka, yankin da dokar 1961 ta yi nufin tsarawa sa'ad da ta shata iyakar noma ta arewa. Rijiyoyinta na da zurfi, ruwan samanta ba shi da tabbas. Farin 1973 da na 1984 da ƙarancin abinci na 2005 sun nuna wa mazaunanta cewa labarin inda ciyawa take, da labarin yadda tiya take a kasuwa, na iya zama bambanci tsakanin tsira da tsiya. Shi ya sa Fulani makiyaya suke da garso, mutumin da ke yin gaba ya dubo makiyaya ya dawo da labari, ba kowa kuma ake ba wannan matsayi ba sai wanda aka jarraba idonsa da harshensa.

Sabon ɗan aike

Manyan manhajojin harshe da suka bazu a duniya tun daga ƙarshen 2022 ba su iya komai da kansu sai karɓar kalmomi da fitar da kalmomi. Don su yi aiki na zahiri, ana haɗa su da wasu ƙananan manhajoji: wannan tana dubo hasashen yanayi, waccan tana karanto farashi daga rumbun bayanai, wata tana tura saƙo, wata tana biyan kuɗi. Kowacce daga cikinsu tana zuwa da ƴar takardar shaida mai ɗauke da sunanta, da bayanin abin da take yi cikin jimloli kaɗan, da jerin guraben da za a cika mata kafin ta yi aiki. Idan mutum ya ba babbar manhajar umarni, sai ta karanta waɗannan takardu, ta zaɓi kayan aikin da ta ga ya dace, ta cika guraben, ta aika. Kamfanin OpenAI ya fito da irin wannan tsari a watan Yuni 2023. A watan Nuwamba 2024 kamfanin Anthropic ya gabatar da wata ƙa'idar haɗi da ake kira MCP, wadda wasu manyan kamfanoni suka karɓa cikin 2025, har dubban masu rubuta manhaja suka shiga tallata kayan aikinsu ta wannan hanya.

Abin da ya kamata a riƙe a nan shi ne, wannan ɗan aike ba ya ganin cikin kayan aikin da yake amfani da shi. Takardar kawai yake gani. Masanin falsafar nan ɗan Ingila, Bertrand Russell, ya rarrabe a 1912 tsakanin sanin abu ta hanyar haɗuwa da shi da saninsa ta hanyar siffantawa. Bahaushe ya daɗe da wannan rarrabewa, har ya yanke hukunci ya ce gani ya kori ji. Ɗan aiken na'ura kuwa a lokacin da yake zaɓi ba shi da gani, ji kaɗai gare shi. Halinsa halin baƙon da ya sauka Tanut da dare ne, wanda duk abin da ya sani game da garin shi ne abin da mai masaukinsa ya gaya masa.

Abin da malaman fikihu suka riga suka tattauna

Almajirin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, ya taɓa cin karo da wannan mas'ala a babin ciniki. Mazhabar Malikiyya ta halatta sayen abin da ba ya nan bisa siffa. Ta kuma halatta sayen ƙunshin kaya ba tare da an kwance shi ba, in dai akwai takarda mai bayyana adadin abin da ke ciki da irinsa. Imam Malik, wanda ya rasu a 795, ya kawo wannan a Muwaɗɗa, sunan takardar kuwa barnamaj, kalmar da Larabawan yau suke kiran manhajar kwamfuta da ita. Hikimar halaccin a fili take: kwance kowane ƙunshi a kowane zango wahala ce ga fatake, yana kuma ɓata kaya.

Sai dai malaman ba su bar abin sakaka ba. In aka kwance ƙunshi aka same shi daidai da takarda, ciniki ya tabbata. In ya saɓa, mai saye yana da zaɓi. Sun yi sharaɗin kada nisan kayan ya wuce kima, domin abu na iya sauyawa kafin a kai gare shi. Sun kuma tattauna ko siffantawar mai kaya da bakinsa ta wadatar, ganin cewa yana iya ƙara gishiri don hajarsa ta shiga. A bayan duk wannan akwai hanin ɓoye aibi, wanda ake kafa masa hujja da hadisin mai sayar da abincin da ya bar jiƙaƙƙe a ƙasa ya ɗora busasshe a sama, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu ya ji danshi ya tsawata masa.

Daga nan ana iya fitar da ƙa'ida ɗaya wadda sauran maganar za ta hau kanta. Wanda ya siffanta abu ga wanda ba ya iya gani ya ari idonsa ne, don haka ana bin sa duk abin da idon nan zai lura da shi da yana wurin.

Ma'aunan kwatance mai kyau

A ɗauka, a matsayin misali kawai, cewa wata ƙungiyar manoma da makiyaya a Balbeji ta samu irin wannan ɗan aike a wayar salula, mutum ya yi masa magana da Hausa ya je ya dubo masa amsa. Me ya wajaba takardun kayan aikinsa su ƙunsa?

Na farko, takarda ta faɗi abin da kayan aikin yake yi ta yadda za a bambanta shi da maƙwabcinsa. In akwai biyu, kowanne an rubuta masa cewa yana ba da farashin hatsi, alhali ɗaya farashin da ake saya daga hannun manomi yake bayarwa, ɗayan kuma wanda mai ci ke biya a birnin Damagaram, ɗan aiken zai zaɓa ne da ka. Daidai yake da a ce wa baƙo ya tsaya a gindin aduwa a dajin da aduwa ta cika.

Na biyu, ta faɗi ma'auni. A kasuwannin Nijar gero da tiya ake aunawa, tiya kuwa tana kai kimanin kilo 2.5, ga shi cikarta na ɗan bambanta daga wannan kasuwa zuwa waccan. Kuɗi kuma da dala ake ƙirga su, dala ɗaya sefa 5, jika sefa 1000. In kayan aiki ya dawo da lamba 120 ba ƙarin bayani, tana iya zama dala 120 a tiya, wato sefa 600. Tana iya zama sefa 120 a kilo, wato sefa 300 a tiya. Tana iya zama sefa 120 a tiya. Manomin da aka gaya wa ɗaya a madadin ɗaya zai iya sayar da rumbunsa da rahusar da zai yi nadamarta har damina. Kada a ɗauka wannan kuskuren ƙananan mutane ne. A watan Satumba 1999 hukumar sararin samaniyar Amurka ta yi asarar wani kumbo da ta aika duniyar Mars, saboda wata manhaja tana fitar da lambobi a ma'aunin Ingilishi alhali mai karɓa yana ɗaukar su a ma'aunin mita. Bambancin ya kai ninki 4.45, kusan tazarar da ke tsakanin sefa da dala.

Na uku, ta faɗi iyaka da lokaci. Rijiyar da ke da ruwa da kaka tana iya ƙafewa da bazara, wata ruwanta zartsi ne, wata kuma masu ita suna da haƙƙin fara shayarwa, baƙo sai ya nemi izini ya jira layi. Kayan aikin da ke nuna wuraren ruwa daga wani jerin da aka tattara shekaru da suka wuce dole takardarsa ta faɗi shekarar, ta kuma faɗi cewa wurin rijiya kawai ya sani, halin da take ciki yau bai sani ba. Wannan shi ne ɗora jiƙaƙƙen hatsi a sama inda kowa zai gani.

Na huɗu, ta rarrabe dubawa da aikatawa. Duba farashi ana iya maimaita shi sau goma ba a rasa komai ba. Tura kuɗi ko goge rajista kuwa tsalle ɗaya ne mai jefa mutum rijiya. Masu tsara ƙa'idar MCP sun gane haka, shi ya sa a gyaran da suka yi a watan Maris 2025 suka ƙara alamomin da ke nuna ko kayan aiki karatu kawai yake yi ko yana iya rushe abu.

Na biyar, ta tsaya daidai gwargwado. Ɗan aiken na'ura yana da iyakar abin da zai riƙe a lokaci guda, in takardu suka yi yawa suka yi tsawo, muhimmin abu sai ya nutse cikin surutu. Mai kwatancen da ya lissafa kowace bishiya tsakanin Tanut da Gangara ya ɓatar da baƙo kamar wanda bai faɗi komai ba.

Wa zai yanke hukunci?

Samun ma'aunai bai kashe magana ba, domin akwai sauran tambayar yadda za a yi aiki da su. Hanya mafi sauƙi ita ce a karanta takarda a ba ta maki, kamar yadda malami ke gyara insha'i. Hanyar tana da amfani, tana kama bayanin da ya bar ma'auni ko ya yi duhu. Amma tana da rauni biyu. Na farko, mai karatu yana auna tsarin magana ne, ba ya auna dacewarta da abin da aka siffanta. A labarin kumbon nan na 1999, takardar yarjejeniya tsakanin ɓangarorin biyu ta faɗi ma'aunin da ya kamata, manhajar ce ba ta bi ta ba. Da takardar kaɗai aka duba, da ta ci jarrabawa. A watan Afrilu 2025 masu bincike na kamfanin Invariant Labs sun nuna abin da ya fi haka muni: kayan aikin da ya ce tara lambobi biyu kawai yake yi, amma cikin bayaninsa an cusa umarnin da mai amfani ba ya gani, wanda ke sa ɗan aiken ya kwaso bayanan sirri ya miƙa. Ƙa'idar MCP da kanta ta yi gargaɗin kada a amince da alamomin da kayan aiki ya ba kansa sai in daga amintaccen tushe ya fito.

Rauni na biyu shi ne wanda masanin tattalin arziki Charles Goodhart ya ja hankali a kai a 1975, cewa ma'auni yakan lalace da zarar an mai da shi abin nema. In aka san cewa takarda mai maki da yawa ita ake zaɓa, masu kaya za su koyi rubuta abin da ke jawo maki. A nan kwatance ya koma talla, mai siffantawa ya zama dillali mai zaƙin baki. Wannan shi ne ainihin abin da ya sa malaman fikihu suka yi jinkiri game da siffantawar mai kaya.

Hanya ta biyu ita ce gwaji: a ba ɗan aiken ayyuka na gaskiya, a ga sau nawa ya zaɓi abin da ya dace ya cika guraben daidai. Wannan ta fi ta farko ƙarfi, don sai an gwada akan san na ƙwarai. Ita ma ba ta tsira daga gyara ba. Ɗan aike mai kaifin basira yana iya cike giɓin mummunan kwatance da hasashe, ya dace sau tara, a na goma ya faɗa rami. Makiyayin da aka yi wa kwatance maras kyau ya kuma isa rijiya saboda ya ga sawun raƙuma, isarsa ba ta wanke mai kwatancen ba. Sakamako yana nuna abin da ya faru, ba lallai ya nuna wanda ya sauke nauyinsa ba.

Saboda haka hukunci na adalci yana buƙatar a haɗa hanyoyin: a karanta, a kwance ƙunshi a gwada shi da takarda, a aiki baƙo a ga inda ya yi tuntuɓe, a kuma maimaita duk lokacin da kayan aikin ya sauya. Mai kwance ƙunshin kuma kada ya zama mai kaya. Daga ƙarshe akwai alƙalin da aka fi mantawa da shi, wato mutumin da aka yi aiken dominsa. In injiniya ya ce gwaji ya yi kyau, manomin Olelewa ya ce amsar ba ta yi masa amfani ba domin kasuwar da aka ambata ba ta ci sai bayan kwana shida, maganar manomin ita ce abin kamawa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Hujjoji biyu na masu ja

Wani zai ce: gaskiya haƙƙi ne na mutum a kan mutum, na'ura ba ta da zuciyar da za a yaudara, don haka kiran wannan al'amari amana wuce gona da iri ne. Amsar ita ce, amanar ba ta na'urar ba ce. Wanda ya yi wa ɗan aike ƙarya ya san sarai cewa ƙaryar gidan mai aike za ta sauka. Fikihu ya ɗauki wakili a matsayin amintacce, ba ya ramuwa sai in ya ƙetare iyaka ko ya yi sakaci. Na'ura kuwa ba ta da dukiyar da za ta rama da ita, ba ta da mutuncin da zai zube a kasuwa, don haka alhaki ba shi da inda zai tsaya sai kan mutane: wanda ya rubuta takardar, wanda ya ƙera ɗan aiken, da wanda ya miƙa shi ga jama'a. Haɗarin da ke nan shi ne kowannensu ya nuna ɗan'uwansa da yatsa. A ƙauye mai mummunan kwatance yana sake haɗuwa da wanda ya ɓatar ranar kasuwa, kunya kaɗai ta isa ta gyara shi. Mai rubuta takarda a wata nahiya ba zai taɓa ganin garken da ya mutu ba. Nisan ya rage masa kunya, bai rage masa alhaki ba.

Wani kuma zai ce: babu kwatancen da ke cika, don haka ɗora wa marubuci laifin abin da bai faɗa ba zalunci ne. Wannan hujja tana da ƙarfi. Michael Polanyi ya bayyana a 1966 cewa mutum ya san fiye da abin da yake iya faɗa, duk wanda kuma ya taɓa tambayar madugu yadda yake gane hanya cikin rairayi ya san haka. Amma ba a nemi mai kwatance ya faɗi komai da komai ba. An nemi ya faɗi abin da, in mai sauraro ya ji shi, zai sauya shawara. Launin duwatsun bakin rijiya ba ya cikin wannan, zurfinta yana ciki. An kuma nemi ya faɗi inda saninsa ya tsaya. Mutumin da ya ce rabonsa da rijiyar tun kaka, a ƙara tambaya a ruga ta gaba, ya ba da kwatance mafi daraja fiye da wanda ya yi rantsuwa a kan abin da bai gani ba.

Hujjar ta kuma tuna da cewa nauyin ba na marubuci kaɗai ba ne. Tun da kwatance ba ya cika, wajibi ne masu ƙera ɗan aike su koya masa tsayawa ya tambaya idan takarda ta yi duhu, musamman kafin aikin da ba ya warwaruwa. Matambayi ba ya ɓata, ɗan aiken da aka horar ya riƙa nuna ya san komai kuwa an hana shi wannan kariya.

Rabon malamai da ƙungiyoyin al'adu

Ana iya zaton wannan magana ta injiniyoyi ce, amma mafi yawanta aikin harshe ne. Nijar ta fara gwajin koyarwa da Hausa a makarantun boko tun 1973 a Damagaram, kundin sake gina ƙasa na 2025 kuma ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Duk da haka takardun kayan aikin da ake magana a kansu galibi da Ingilishi ake rubuta su, a hannun mutanen da ba su taɓa jin tiya ko dala ba. In ba a rubuta waɗannan ma'aunai a inda na'ura za ta same su ba, za ta cike gurbin da abin da ta saba, wato kilo da kuɗin wasu ƙasashe.

Malami yana iya farawa daga aji. Ɗalibi ya rubuta kwatancen hanya ko na amfani da wani abu, a ba wani ɗalibin da bai san wurin ba ya bi shi kalma da kalma, aji ya ga inda ya tsaya ya rasa na yi. Yaron da ya ga abokinsa ya ɓace saboda jimlar da ya bari ya koyi darasin rubutu da na ɗa'a a zama ɗaya. Ƙungiyoyin al'adu kuma suna iya tattara sunayen wurare da ma'aunai da lokutan shekara cikin Hausa da Tamajak da Fulatanci da Barbarci, tare da rubutunsu na Faransanci, domin gari ɗaya mai rubutu iri uku yana iya zama gari uku a idon na'ura. Sai dai a yi wannan da shawarar masu abin. Sanin rijiya da makiyaya yana tafe da haƙƙoƙi da yarjejeniyoyi tsakanin al'ummomi, wanda ya kwashe shi ya watsa ba izini ya ci wata amanar yana ƙoƙarin sauke wata.

Kammalawa

Abin da ya fito daga wannan tattaunawa shi ne, ba a auna kwatance da daɗin lafazinsa, ba a kuma auna shi da sa'ar wanda ya bi shi. Ana auna shi da dacewarsa da abin da aka siffanta, da kuma ko ya ba mai dogaro da shi abin da zai yanke shawara da shi, har da aibi da iyaka. Mai kaya ba ya zama alƙalin takardarsa, hukunci kuma ba ya cika sai an ji daga wanda aka yi aiken dominsa. Malaman Malikiyya sun tsara wannan don ƙunshin tufafi, makiyayan Damargu suna aiki da shi a bakin rijiya, masu rubuta manhaja kuma sun fara gano shi bayan kurakuran da suka gani. Ranar da irin waɗannan ƴan aike za su shiga wayoyin mutanen Tarka da Tenhiya, tambayar da ƙungiyoyinsu za su fara yi wa mai kawo su ita ce: wa ya rubuta takardun, wa ya kwance ƙunshin ya duba, kuma wa za a nema in igiya ta kasa kaiwa ruwa?